Buluberin daji da na gona: wanne ya fi amfani ga lafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina yawan karanta labarin buluberi, ƙaramin ɗan itacen nan mai launin shuɗi, cewa na daji ya ninka na gona amfani, har wasu na cewa na gonar ruwa ne da zaƙi kawai. Mahaifiyata tana da hawan jini, kuma likita ya ce sukarinta ya fara hawa. Ina so in riƙa sa mata shi cikin abinci. Shin gaskiya ne na daji ya fi? Idan na gona kaɗai na samu, yana da amfani in ba ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri bisa wannan kulawa.

Idan aka ɗora su a sikeli ɗaya, giram da giram, na daji ya fi na gona wasu sinadarai, wannan gaskiya ne. Amma maganar cewa na gona ruwa ne da zaƙi kawai ba ta da tushe, kuma tana cutar da mutane, domin tana sa wanda bai samu na daji ba ya bar na gonar ma. Ki ba Hajiya wanda kika samu. Zan yi miki bayanin inda fifikon yake da kuma iyakarsa, don ki san abin da kike ba ta da abin da za ki sa rai da shi.

Da farko ya kamata ki san cewa tsirrai biyu ne daban, kodayake dangi ɗaya ne, dangin Vaccinium. Wanda ake kira na daji shi ne Vaccinium angustifolium, gajere ne, da ƙyar yake wuce gwiwa, kuma cibiyarsa jihar Maine ta Amurka da gabashin Kanada, wato Quebec, Nova Scotia da New Brunswick. Ba a shuka shi. Yaɗo yake yi ta ƙarƙashin ƙasa, ya mamaye fili a hankali cikin shekaru masu yawa. Al'ummomin Wabanaki, 'yan asalin yankin, sun daɗe suna ƙone filayen lokaci zuwa lokaci don tsiron ya sake tohowa da ƙarfi, kuma har yau haka manoma ke yi: a ƙone ko a sassabe a shekara ɗaya, a girbe a shekara ta biyu. Saboda kowane gungu daga iri daban ya fito, za ki ga 'ya'yan cikin jaka ɗaya sun bambanta, wani baƙi wuluk, wani shuɗi mai haske, wani da tsami, wani da zaƙi.

Na gona kuwa, Vaccinium corymbosum, dogo ne, yana iya wuce tsayin mutum. Shi ma asalinsa ɗan daji ne, kuma bai daɗe a hannun manoma ba. Frederick Coville, masanin tsirrai a ma'aikatar noma ta Amurka, shi ya gano cewa sai a ƙasa mai tsami sosai tsiron ke rayuwa, shi ya sa waɗanda suka gwada dasa shi a ƙasar lambu mai kyau suka riƙa yin asara. A 1911 ya haɗa hannu da Elizabeth White, 'yar wani manomi a jihar New Jersey, wadda ta riƙa biyan mutanen yankin su nemo mata bishiyoyi masu manyan 'ya'ya a cikin daji. A 1916 suka kai amfanin farko kasuwa. Daga nan aka yi ta auratayyar iri, ana neman girman ɗa, tauri, da jure doguwar tafiya, har aka kai ga irin da ake nomawa yau a Amurka, Peru, Chile, Sin, Sifaniya, Maroko da Afirka ta Kudu. Wanda ake sayarwa ɗanye a ƙananan robobi, kusan ko da yaushe wannan ne.

Akwai na uku da ke rikita mutane, wato bilberi na dazuzzukan Turai, Vaccinium myrtillus. A ƙasashen arewacin Turai idan aka ce buluberin daji, shi ake nufi. Gane shi ba wuya: idan kin fasa shi, cikinsa ja ne mai duhu, yana rina yatsa da harshe. Na Amurka kuwa, na daji da na gona duka, cikinsu fari-fari ne ko kore-kore.

Wannan launin shi ne jigon maganar. Abin da ya ba buluberi sunan da ya yi a fannin lafiya sinadari ne da ake kira antosayanin, shi ke ba shi launin shuɗi da baƙi, kuma a nau'o'in Amurka kusan dukkansa a jikin ɓawo yake. To ɗan na daji ƙarami ne ƙwarai. Lissafi ne mai sauƙi: idan faɗin ɗa ya ragu da rabi, yawan ɓawon da ke cikin kowane giram ya ninka. Kofi guda na ƙananan 'ya'ya ya fi kofi guda na manya yawan ɓawo da ƙananan ƙwayoyin iri, ya kuma gaza shi tsoka mai ruwa. Mafi yawan fifikon na daji daga nan ya samo asali. Wani awo da masu bincike a Amurka suka wallafa a 2006, wanda ake yawan kafa hujja da shi, ya samu miligiram 487 na antosayanin a giram 100 na na daji, da miligiram 387 a na gona. Tazarar kusan kashi ɗaya bisa huɗu ke nan. Tazara ce ta gaske, amma ki lura cewa 387 ɗin ma adadi ne babba, wanda 'ya'yan itatuwa kaɗan ne ke kai shi. Wanda ya ci kofi ɗaya da kwata na na gona ya kamo wanda ya ci kofi ɗaya na na daji.

Kuma waɗannan alƙaluma ba a kafe suke ba. Tsakanin ire-iren na gona su kansu akwai bambanci mai yawa. Akwai wani tsohon iri mai suna Rubel, ɗaya daga cikin waɗanda aka tono wa Elizabeth White daga daji, ƙananan 'ya'ya gare shi, kuma ya yi suna wajen yawan antosayanin fiye da manyan ire-iren kasuwa. Yanayin shekara, hasken rana, da yadda ɗan ya nuna kafin a tsinke shi, duk suna ɗaga adadin ko su sauke shi. Ɗan da aka tsinka yana da ja-ja a gindinsa bai gama tara launinsa ba.

Game da sauran abubuwan gina jiki, giram 100 na ɗanyen buluberin gona yana da kalori 57, ruwa kusan kashi 84 cikin 100, sukari kamar giram 10, harza, wato zare-zaren abinci da ciki ba ya narkarwa, giram 2.4, bitamin C miligiram 9.7, bitamin K maikirogiram 19, da manganis, wani ma'adini da jiki ke buƙata kaɗan, miligiram 0.3. Na daji ya fi shi harza, yana wuce giram 4, kuma galibi ya ɗan gaza shi sukari. Waɗannan biyun suna da muhimmanci ga mai irin lalurar Hajiya, domin harza tana rage saurin shigar sukari cikin jini. Inda tazarar ta fi faɗi shi ne manganis, wanda a na daji yake kusan miligiram 3, ninki da yawa. 'Yan talla suna son wannan adadi, amma ni ba na ba shi nauyi sosai, saboda ƙarancin manganis abu ne da ba kasafai ake ganinsa a jikin ɗan Adam ba. Hatsi, wake da ganyayyaki suna wadatar da mu. Bitamin C kuwa, babu wanda ya yi fice a cikinsu. Lemon zaƙi ya ninka buluberi sau biyar. Wanda ke neman bitamin C, ba nan zai neme shi ba.

Za ki ci karo da maganar cewa na daji ya ninka na gona ƙarfin antioksidan, wato ƙarfin kare ƙwayoyin halitta daga lalacewa. Wannan magana daga wani awo ta fito da ake kira ORAC, wanda a cikin kwalbar gwaji ake yinsa, ba a jikin mutum ba. Ma'aikatar noma ta Amurka ce ta riƙa wallafa jerin sakamakon, kuma ita da kanta ta janye shi a 2012, tana mai cewa alƙaluman ba sa nuna abin da ke faruwa a jiki, kuma kamfanoni na amfani da su ba daidai ba wajen talla. Dalilin kuwa shi ne, antosayanin ɗin da mutum ya haɗiye, ɗan ƙalilan ne ke shiga jini a siffarsa ta asali. Mafi yawansa yana gangarawa babban hanji, ƙwayoyin bakteriya su farfasa shi zuwa ƙananan sinadarai, hanta ta sake sarrafa su, sannan su zagaya jiki. Waɗannan ɓarɓashin su ake kyautata zaton suna aikin, musamman a kan shimfiɗar cikin jijiyoyin jini, inda suke taimaka wa jijiya ta saki jiki ta buɗe. Ke nan tsakanin abin da ke cikin ɗan itacen da abin da ya isa jijiya akwai hanji da hanta, kuma na kowa da irin aikinsa. Mutum biyu za su ci kofi ɗaya iri ɗaya, abin da ya shiga jininsu ya bambanta.

Saboda haka ni abin da nake dubawa shi ne binciken da aka yi a kan mutane, kuma iri biyu ne.

Na farko shi ne na bin diddigi, inda ake tambayar dubban mutane abin da suke ci, a bi rayuwarsu shekara da shekaru. Masana a jami'ar Harvard da abokan aikinsu sun bi mata ma'aikatan jinya 93,600 tsawon shekara 18, suka wallafa a 2013 cewa waɗanda suka fi cin antosayanin sun gaza waɗanda suka fi ƙarancin cinsa haɗarin bugun zuciya da kashi 32 cikin 100, kuma buluberi da sitiroberi ne manyan hanyoyin da suke samunsa. A shekarar dai, wani nazari a kan mutum sama da 187,000 ya nuna cewa cin buluberi sau uku a mako yana tafiya da raguwar haɗarin ciwon suga nau'i na biyu da kashi 26 cikin 100, wanda shi ne mafi girma cikin 'ya'yan itatuwan da aka duba, alhali shan ruwan 'ya'yan itace da aka tace yana tafiya da ƙaruwar haɗarin da kashi 8. A 2012 kuma an ba da rahoto kan mata 16,010 'yan shekara 70 zuwa sama, cewa masu yawan cin buluberi da sitiroberi ƙwaƙwalwarsu ta yi jinkirin rauni da abin da ya kai shekara biyu da rabi. Abu biyu nake so ki riƙe game da waɗannan. Ɗaya, ba a raba na daji da na gona a tambayoyin ba, buluberi kawai aka tambaya. Biyu, irin wannan bincike yana nuna alaƙa ne kawai. Mai cin buluberi sau uku a mako galibi mutum ne mai kula da abincinsa, mai motsa jiki, mai zuwa asibiti a kan lokaci, kuma duk yadda masana suka yi ƙoƙarin cire tasirin waɗannan a lissafi, ba ya fita duka.

Na biyu ya fi ƙarfin hujja: a raba mutane ta hanyar ƙuri'a, wasu a ba su garin buluberi, wasu a ba su garin bogi mai kama da shi a launi da ɗanɗano, ba wanda ya san abin da yake sha. Mafi tsawo da na fi dogara da shi an yi shi ne a jami'ar East Anglia ta Ingila, aka wallafa a 2019. Mutum 115 masu ƙiba da alamun haɗarin ciwon zuciya da na suga suka kammala wata shida. Waɗanda suka sha kwatankwacin giram 150 a kullum, wato kofi guda, jijiyoyinsu sun ƙara iya buɗewa, taurinsu ya ragu. Waɗanda suka sha rabin kofi ba a ga wani canji a jikinsu ba. Kuma a duka rukunan, hawan jini bai sauka ba, yadda jiki ke amsa insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, bai gyaru ba. Da buluberin gona aka yi wannan gwaji. Ki ga ke nan na gonar ya yi aiki a jijiya.

Da na daji kuma, an yi wani a King's College da ke Landan, aka wallafa a 2023. Dattawa 61 masu lafiya, 'yan shekara 65 zuwa 80, suka sha giram 26 na gari a kullum, daidai da giram 178 na 'ya'yan, tsawon mako 12. Jijiyoyinsu sun ƙara buɗewa, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan 3.6, kuma sun ɗan fi kyau a wasu gwaje-gwajen tuna kalmomi da sauya hankali daga aiki zuwa aiki. A ɓangaren suga, wani ƙaramin gwaji na mutum 32 a jihar Louisiana a 2010 ya ga gyaruwar amsa insulin bayan mako shida, abin da babban gwajin East Anglia bai tabbatar ba.

A kowanne daga cikin gwaje-gwajen nan, da garin bogi aka kwatanta buluberin, ba a kwatanta na daji da na gona kai tsaye ba. Don haka duk wanda ya ɗauki sakamakon Landan ya ce ga hujjar na daji ya fi, ya ɗora wa binciken abin da bai faɗa ba: mutanen daban ne, shekarunsu daban, tsawon lokacin daban. Sannan ki sani ƙungiyoyin manoma ne suka ɗauki nauyin da yawa daga cikin wannan aiki, ƙungiyar masu na gona ta biya na East Anglia, ta masu na daji ta tallafa wa na Landan. Wannan bai mai da sakamakon ƙarya ba, masanan mutanen kirki ne kuma sun bayyana waɗanda suka biya. Amma idan aka zo wajen talla, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma a can ne ƙaramin sakamako ke zama babban alkawari.

Abin da na fahimta daga duk wannan shi ne, tasiri a kan jijiyoyin jini shi ya fi tabbata, na hawan jini ƙarami ne kuma ba ko da yaushe ake ganinsa ba, na suga da na ƙwaƙwalwa kuwa suna da alamun alheri amma ba su zauna daram ba. Saukar lamba uku ko huɗu a awon jini abu ne mai kyau, sai dai bai kai aikin maganin likita ba, bai ma kai abin da rage gishiri da rage ƙiba ke yi wa masu hawan jini da yawa ba. Ina roƙonki kada Hajiya ta rage ƙwaya ko ɗaya saboda ta fara cin buluberi. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk lokacin da aka kambama wani ɗan itace.

Maganar cewa buluberi yana ƙara gani da dare, wadda ake dangantawa da matuƙan jiragen yaƙin Birtaniya a yaƙin duniya na biyu, game da bilberi ake yinta, kuma gwaje-gwajen da aka tsara da kyau a kan masu lafiyar ido ba su nuna hakan ba.

Yanzu ga abin da ya fi nau'i muhimmanci a aikace, wato siffar da ɗan itacen ya zo miki. Kusan dukkan na dajin Maine da Kanada daskarar da shi ake yi jim kaɗan bayan girbi, saboda laushinsa ba ya jure tafiya. Kada wannan ya sa ki raina shi. Daskarewa tana riƙe antosayanin da harza da kyau, bitamin C ne ke ɗan raguwa, shi kuwa dama ba shi da yawa. Daskararren da aka tsinka ya nuna sarai yana iya fin ɗanyen da ya yi makonni a hanya. Idan ya narke, ruwan ja da ya tsatso daga jikinsa launin ne, a sha shi tare. Wanda ya kamata ki guje wa saboda Hajiya shi ne busasshe, domin yawanci jiƙa shi ake yi da ruwan sukari kafin a busar. Sai wanda aka dafa da sukari don shafa wa burodi. Sai ruwan kwalba, wanda an tace ɓawo da harza an zubar, an bar sukari. Kek ko biskit mai ɗigo-ɗigon buluberi kuwa, kek ne da biskit, ko da an rubuta na daji a jikin kwali. Ƙwayoyi da garin da ake sayarwa a matsayin ƙarin abinci ba na ba da shawararsu, saboda abin da ke ciki ya danganta da amanar kamfani, kuma ba a tantance su kamar yadda ake tantance magani.

Kalmar daji ma kada ta sa ki ɗauka ba a taɓa shi da magani ba. Filayen kasuwanci ne da ake kula da su, ana kawo amya ta ƙudan zuma a mota lokacin fure, kuma manoma da yawa suna fesa maganin ciyawa da na ƙwari. Na daji da na gona duka akwai wanda aka noma ba tare da feshin zamani ba, kuma wannan shaida ce daban da ake rubutawa a jikin kaya. Kowanne kika samu ɗanye, ki wanke shi da ruwa mai tsabta dab da ci, kada ki wanke ki ajiye, danshi na sa shi saurin ruɓewa. Farin hazon da kike gani a jikin ɓawo kakin halitta ne da ɗan ke kare kansa da shi, alama ce ma ta cewa hannu bai jagwalgwala shi ba. Wanda ke tsinkar na jeji da hannunsa a Turai yana da nasa abin lura: an sha rikita bilberi da baƙaƙen 'ya'yan wani tsiro mai suna Atropa belladonna masu mugun dafi, kuma a dazuzzukan da ƙurar haɗarin tashar nukiliya ta Chernobyl na 1986 ta sauka, 'ya'yan jeji na iya ɗauke da ragowar sinadarin nukiliya har yanzu.

Game da adadi, gwaje-gwajen da suka nuna amfani kusan kofi guda a kullum suka yi amfani da shi, na makonni ko watanni. Kofi guda na na gona yana da kalori kamar 85 da sukari kamar giram 15. Ga mai sukarin da ya fara hawa wannan ba matsala ba ce, muddin ya maye gurbin wani abin zaƙi ne, ba ƙari a kansa ba. Ya fi kyau a raba shi biyu, a ci tare da abinci ko da madara mai kauri marar sukari, kuma idan Hajiya tana da na'urar awon suga, ta gwada bayan awa biyu a 'yan kwanakin farko don a ga yadda jikinta ke karɓa. Ranar da babu buluberi, baƙin inabi da ɓawonsa, jan kabeji, da sauran 'ya'yan itace masu launin ja mai duhu ko baƙi duk suna ɗauke da antosayanin, kodayake ba a yi musu bincike mai yawa kamarsa ba.

Abu ɗaya za ki tambayi likitanta kafin ki fara: ko tana shan wafarin, maganin tsinka jini. Kofi guda na buluberi yana da bitamin K kusan maikirogiram 28, kamar kashi ɗaya bisa uku na abin da mace ke buƙata a rana, kuma bitamin K yana rage ƙarfin wannan magani. Ba a hana mai shan wafarin cinsa ba, abin da ake so shi ne adadin ya daidaita, kada a ci kofi biyu yau a yi mako ba a ci ba. Idan tana shansa, ki sanar da likita ranar da za ku fara, don ya duba awon jininta bayan mako ɗaya ko biyu ya ga ko akwai buƙatar gyara adadin maganin.